Girmankai Rawanin Tsiya: Tarihin Kalmar "Hubris"

Mai karanta jaridun Turanci, ko mai sauraron rediyon ƙasashen waje, yakan ci karo da wata kalma a duk lokacin da wani babba ya faɗi. In shugaban ƙasa ya shiga yaƙin da ya fi ƙarfinsa, ko babban banki ya rushe, ko wani shahararren mai wa'azi ya sha kunya, sai ka ji masu sharhi suna cewa hubris ce ta kayar da shi. Mutanen Ingila suna furta ta kamar "hiyubris". 'Yan'uwanmu da suka yi karatu da Faransanci a Nijar, ko Cadi, ko Kamaru, su ma sukan gamu da ita a littattafan makaranta, sau da yawa kusa da kalmar démesure, wato wuce iyaka.

In ka duba ƙamus zai gaya maka ma'anarta ita ce girmankai mai yawa wanda yake kai mutum ga hallaka. Wannan daidai ne, amma rabin labarin ke nan. Kalmar ta yi shekara wajen 2,700 ana rubuta ta. Daga Helenanci ta fito, wato harshen mutanen ƙasar Girka. Ta zauna a ɗakin shari'a, ta shiga bakin marubutan tarihi, ta kuma shiga Littafi Mai Tsarki tun kafin Turawan Ingila su aro ta. A kan hanya ta yar da wani sashi na ma'anarta, sashin kuwa da ta yar shi ne ya fi shafar mai bi.

Mari a gaban jama'a

A shekara ta 348 kafin haihuwar Almasihu (K.H.) aka yi babban bikin shekara a birnin Atina. Wani mai magana da yawun jama'a, sunansa Dimostenis, ya ɗauki nauyin ƙungiyar mawaƙan kabilarsa daga aljihunsa. Yana da wani abokin gaba, attajiri, mai suna Midiyas. Ran bikin, a filin wasa, idon dubban mutane yana kansu, sai Midiyas ya taso ya naushi Dimostenis a fuska. Jawabin ƙarar da Dimostenis ya rubuta yana nan har yau. A ciki ya bayyana cewa zafin naushi ba shi ne ya dame shi ba, gama mutum yakan sha dukan da ya fi wannan ya manta. Abin da ba ya mantuwa shi ne kallon raini, da muryar izgili, da nufin mai dukan ya nuna wa duniya cewa wanda ya daka ba kowa ba ne. Wannan shi ne Helenawa suke kira hubris.

Akwai wata ƙara kuma da ta fi nuna abin a fili. Wani saurayi mai suna Ariston yana yawo da yamma a kasuwar Atina, sai wani Konon da ɗansa da abokansu suka far masa. Suka tuɓe masa mayafi, suka jefa shi cikin laka, suka tattake shi har leɓensa ya fashe. Da ya kwanta ba ya iya tashi, sai Konon ya tsaya a kansa yana cara kamar zakaran da ya ci faɗa, abokansa suna zuga shi ya kaɗa gwiwar hannu kamar fukafukai. Dukan laifi ne, amma caran nan ita ce shaidar da mai ƙara ya kafa a gaban alƙalai, domin ita ta tone abin da yake zuciyar mai dukan.

Atina tana da doka musamman a kan wannan laifi. Dokar ta rufe namiji da mace da yaro, ɗa ko bawa. Ba sai wanda aka ci wa mutunci ne zai kai ƙara ba, kowane ɗan gari yana da izinin kaiwa, hukuncin kuwa yana iya kaiwa har ga kisa. Dalilinsu shi ne, wanda ya saba taka mutane don yana da kuɗi ko ƙarfi, gari duka yake yi wa barazana. Masanin nan Aristotal ya bayyana laifin da cewa yin abu ne, ko faɗin magana, da za ta kunyata wani, ba don ramuwa ko wata riba ba, sai don daɗin da mai yin yake ji na ganin kansa a sama. Ya ƙara da cewa samari da mawadata ne suka fi aikata shi.

Ashe a asalinta hubris ta fi kusa da abin da muke kira cin mutunci, ko wulakanci, ko cin zarafi. Kullum akwai wanda aka yi wa. Tun a cikin tsohuwar waƙar yaƙin Turoi, wadda ake danganta wa Homar, da wannan kalma jarumi Akilis ya kira abin da Sarki Agamemnon ya yi masa sa'ad da ya ƙwace masa rabonsa na ganima a gaban rundunar yaƙi.

Daga ƙoshi take fitowa

Helenawa sun tambayi kansu, daga ina wannan hali yake tasowa? Solon, wanda ya gyara dokokin Atina wajen 594 K.H., ya koyar cewa ƙoshi ne yake haifarsa, idan wadata mai yawa ta sami mutumin da hankalinsa bai zauna ba. Manomansu ma sun yi amfani da kalmar. Jakin da ya ƙoshi ya shiga kuka da harbin iska, sukan ce yana hubris. Itacen da ya sami taki da ruwa fiye da kima, ya yi ta fid da ganye ba 'ya'ya, shi ma haka suke ce masa, maganinsa kuwa sassabe. Duk manomin da ya taɓa ganin gero ya yi kara ya ƙi yin zangarniya ya gane abin da suke nufi. Mu ma muna cewa samun wuri, kuturu da gaɗa cikin rama.

Daga nan mawaƙansu suka jera matakai. Da fari ƙoshi, sa'an nan hubris, sa'an nan abin da suke kira ate, wato makantar zuciya wadda take sa mutum ya ga rami ya ce hanya ce. Akwai kuma nemesis, wato fushin da ya cancanta a kan wanda ya wuce iyaka. Har gunki suka yi mata a wani gari mai suna Ramnus, kusa da Maraton. Wani marubucinsu, Fausaniyas, ya ba da labari cewa mutanen Farisa, sa'ad da suka zo yaƙi a Maraton a 490 K.H., sun taho da babban dutse domin su sassaƙa alamar nasara tun ba a gwabza ba. Da aka kore su, sai aka sassaƙa gunkin Nemesis da dutsen nan.

Sarkin da ya yi wa teku bulala

Labarin da ya fi kowane manne wa kalmar nan shi ne na sarkin Farisa wanda Helenawa suke kira Zarksis. Yawancin masana sun yarda shi ne Ahasurus na Littafin Esta. Ya hau gadon ubansa Dariyus a 486 K.H., ya ƙudura zai rama kayen da aka yi wa Farisa a Maraton. Marubucin tarihi Hirodotus ya ce kawunsa Artabanus ya gargaɗe shi a gaban majalisa, ya tuna masa cewa dogayen itatuwa da manyan gidaje ne aradu take faɗa wa. Sarki ya husata, ya kira tsohon matsoraci.

Tsakanin Asiya da Turai akwai wani siririn teku a ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya, faɗinsa a wurin ya ɗan fi kilomita ɗaya. Sarki ya sa aka yi gada a kansa. Hadiri ya taso ya ragargaza ta. Hirodotus ya ce sarki ya ba da umarni a yi wa tekun bulala 300, a jefa sarƙoƙi a cikinsa, masu bulalar kuma su riƙa zaginsa, sa'an nan aka fille kawunan maginan. Aka sake ɗaura gadoji biyu a kan jiragen ruwa, ɗaya 360 ɗaya 314, runduna ta haye a 480 K.H. Suka ci Atina, suka ƙone haikalinta. Amma a watan Satumba na shekarar, a mashigin Salamis, jiragen Helenawa suka jawo jiragen Farisa cikin ƙunci inda yawansu ya zama musu cikas. Sarki yana zaune a gefen tudu yana kallo aka farfasa su. A 479 K.H. aka ƙarasa sojojinsa na ƙasa a Filatiya.

Shekara takwas bayan Salamis, a 472 K.H., wani tsohon soja mai suna Askilus ya nuna wasan kwaikwayo a Atina a kan wannan yaƙi. A ciki ya sa fatalwar Dariyus ta fito daga kabari ta yi wa ɗanta hukunci, ta kira abin da ya yi hubris, ta kwatanta shi da shuka wadda girbinta hawaye ne. A nan ne kalmar ta haɗa abu biyu, wato taka mutane da kuma ƙetare iyakar da aka sa wa ɗan adam.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa daga bakin waɗanda suka ci yaƙin muka ji wannan labari. Ahasurus bai hallaka a Salamis ba. Ya koma gida ya ci gaba da mulki har 465 K.H., lokacin da aka kashe shi a fadarsa, daular Farisa kuma ta tsaya har 330 K.H. Tun daga farko, hubris kalma ce da mai nasara yake jin daɗin liƙa wa wanda ya kayar.

Na gaba ya koma baya

Atina da ta yi wa Farisa wa'azi ba ta daɗe ba ta kamu da ciwon. Ta mai da abokan yaƙinta masu biyan haraji. A 416 K.H. ta aika wa ƙaramin tsibirin Melos cewa ya miƙa wuya. Marubuci Tusididis ya nuna jakadun Atina suna gaya wa mutanen tsibirin cewa maganar adalci ta tsakanin tsara ce, mai ƙarfi kuwa abin da ya ga dama yake yi. Melos ta ƙi. Aka kashe mazajenta, aka sayar da mata da yara bayi. A shekara ta gaba Atina ta tura jiragen yaƙi 134 zuwa tsibirin Sisili mai nisa, ko da yake Nikiyas, ɗaya daga cikin shugabannin yaƙinta, ya roƙe su kada su tafi. A 413 K.H. aka hallaka rundunar ƙaƙaf, aka tsare wajen mutum 7,000 a ramukan fasa dutse. A 404 K.H. Atina kanta ta miƙa wuya. Duniya rawar 'yan mata ce.

Kalmar a cikin Littafi Mai Tsarki

Daga ƙarni na 3 K.H. Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara juya Tsohon Alkawari daga Ibrananci zuwa Helenanci. Da suka iso Karin Magana 16:18, ayar da take gargaɗi a kan abin da yake shiga gaban hallaka, kalmar da suka zaɓa ita ce hubris. Wannan juyi ne ikkilisiyar farko ta fi karantawa.

Labaran Tsohon Alkawari sun san ciwon sarai. Uzziya ya ci sarauta yana da shekara 16, ya yi nasara, ya gina hasumiyoyi, ya haƙa rijiyoyi. Da ya yi ƙarfi sai ya shiga Haikali zai ƙona turare, aikin da ba nasa ba. Azariya da firistoci 80 suka tsaya masa, ya husata da su, kuturta ta fito masa a goshi (2 Tarihi 26). Nebukadnezzar, wanda ya mallaki Babila daga 605 zuwa 562 K.H., ya yi mafarki, Daniyel ya fassara masa. Shawarar da Daniyel ya ba shi abin lura ce. Ya ce masa ya rabu da zunubansa ta wurin yin adalci da jin ƙan waɗanda ake zalunta. A wurin annabin, girmankan sarki da halin da talakawansa suke ciki abu ɗaya ne. Sarki ya yi wata 12 bai ji ba, sa'an nan hankalinsa ya gushe (Daniyel 4). A fadar Ahasurus ɗin nan kuma aka yi Haman, wanda ya nemi ya hallaka al'umma ɗungum domin mutum ɗaya ya ƙi rusuna masa.

A Sabon Alkawari kuwa, in ana zancen girmankan zuciya, wata kalma dabam ake amfani da ita. Hubris ta riƙe tsohuwar ma'anarta ta cin mutunci da ɓarna. Sau uku sunan ya fito. Biyu suna cikin Ayyukan Manzanni 27, inda Bulus ya gargaɗi masu jirgi a tsibirin Karita kada su tashi, jarumin soja kuwa ya fi yarda da matuƙi da mai jirgin. Ɓarnar da hadiri ya yi wa jirgi mai ɗauke da mutum 276, ita Luka ya kira hubris. Ahasurus ya yi wa teku bulala, a nan kuwa teku ce ta yi wa mutane. Na ukun yana 2 Korantiyawa 12:10, cikin jerin wahalolin da Bulus ya ce yana karɓa saboda Almasihu. Da kalmar aikatau ta wannan tushe kuma ya ambaci abin da aka yi masa a Filibi, inda aka tuɓe shi aka yi masa bulala a fili ba shari'a (1 Tasalonikawa 2:2).

Wurare biyu sun fi sauran nauyi. A 1 Timoti 1:13 Bulus ya kira kansa na dā da sunan mai aikata hubris, gama ya bi gida gida yana jan maza da mata zuwa kurkuku. A Luka 18:32 kuma Yesu ya faɗa wa almajiransa abin da za a yi masa a Urushalima, a cikin jerin akwai wannan kalma, tsakanin ba'a da tofa yau. Kambin ƙaya, da rigar sarauta ta izgili, da durƙuson sojoji na ba'a, duka irin caran Konon ne. Da a ce alƙalan Atina sun gani, da sun san sunan laifin nan take.

Iyayen ikkilisiya na yamma da Latin suka rubuta, saboda haka kalmarsu ita ce superbia. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya koyar a littafinsa Birnin Allah, wanda ya gama a 426, cewa girmankai ne farkon zunubi, domin ta wurinsa rai yake barin Allah ya mai da kansa abin dogararsa. Girigori Babba, wanda ya rasu a 604, ya ɗauke shi uwar sauran manyan zunubai.

Yadda ta shiga Turanci

Abin mamaki, hubris baƙuwa ce a Turanci. Ba ta cikin juyin Littafi Mai Tsarki na Sarki Yakubu na 1611, ba ta kuma cikin wasannin Shakespeare. Ƙamusoshi sun nuna siffarta, hubristic, ta bayyana a 1831, ita kanta kuwa a 1884. A zamanin nan 'ya'yan manya a Ingila sukan shafe shekaru suna koyon Helenanci, daga azuzuwansu ne kalmar ta fito. Malamai suka riƙa koyar da ita ta wurin wasannin baƙin ciki na Helenawa, suna cewa ita ce aibin da yake kā da jarumi don ya ɗaga kansa gaban alloli. Aristotal kuwa, da ya yi bayanin irin waɗannan wasanni, wata kalma ya yi amfani da ita, hamartia, wato kuskure, wadda Sabon Alkawari yake amfani da ita a kan zunubi.

Arnold Toynbee ya ƙara yaɗa ta. A babban aikinsa na nazarin tarihin duniya, littafi 12 da suka fito daga 1934 zuwa 1961, ya ɗauki matakan nan uku, ƙoshi da hubris da makantar zuciya, ya bayyana yadda dauloli masu ƙarfin soja suke kashe kansu. Ta haka ma'anar ta juya. A Atina ana duban wanda aka taka, a Turanci kuwa ana duban faɗuwar mai takawa. A 1992 wani masani, Nick Fisher, ya fitar da littafi guda domin ya tuna wa masu karatu cewa ainihin kalmar cin mutuncin wani ne da gangan. Waɗansu masana, kamar Douglas Cairns, suka amsa cewa ɗaukar kai da girma shi ma yana cikinta tun asali.

Yadda ake amfani da ita

A Turancin yau kalmar tana da sharuɗɗa. Na fari, ba ta da fuskar yabo. Kalmar pride tana iya zama abin kirki, kamar uban da yake alfahari da ɗansa, amma ba wanda yake alfahari da hubris. Na biyu, ta masu iko ce da masu nasara. Talaka mai fahariya da bakinsa ba a cika ce masa haka ba. Na uku, tana ɗauke da ƙin jin shawara. Na huɗu, faɗuwa tana biye, ko ta riga ta zo ko ana jiranta.

Misalin da aka fi kawowa shi ne Napoliyon na Faransa. Tsohon jakadansa a Rasha, Caulaincourt, ya gargaɗe shi a kan nisan ƙasar da sanyinta. A Yuni 1812 ya shiga da soja wajen rabin miliyan, ya isa Mosko a Satumba ya tarar an watse an sa mata wuta, ya juyo a Oktoba. Kaɗan ne suka komo. Ian Kershaw ya raba tarihin Hitila gida biyu, ya sa wa na fari suna Hubris a 1998, na biyu Nemesis a 2000. Akan kuma ambaci jirgin ruwan Titanic, wanda ya nutse a Afrilu 1912 da jiragen ceto 20 kacal, mutum wajen 1,500 suka mutu. A fannin kasuwanci, Richard Roll ya rubuta a 1986 cewa shugabannin kamfanoni sukan sayi wani kamfani da tsada fiye da kima don sun gaskata sun fi kasuwa duka sani. Bayan rushewar bankin Lehman Brothers a Satumba 2008 kalmar ta cika jaridu.

David Owen, likita ne wanda ya riƙe ministan harkokin waje na Birtaniya daga 1977 zuwa 1979. A 2009 shi da Jonathan Davidson suka jera alamu 14 na abin da suka ɗauka ciwo ne da mulki yake jawowa. A cikinsu akwai mutum ya ɗauka shi da ƙasa abu ɗaya ne, ya raina shawarar kowa, ya gaskata cewa tarihi ko Allah kaɗai zai ba amsa. Sun lura ciwon yakan ƙaru da daɗewa a kujera, yakan kuma lafa in mulki ya tafi. Ba a sa shi cikin jerin cututtukan da likitoci suka amince da su ba, amma Bahaushe ya riga ya raɗa masa suna, giyar mulki.

Tarihin ƙasashenmu yana da labarin da ya haɗa tsohuwar ma'ana da sabuwa. A 1899 hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, suka ratsa ƙasar Hausa ta Nijar da nufin isa Tafkin Cadi, suna ƙone garuruwa. A watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla. Da labari ya kai Faransa aka turo Kanar Klobb ya tsai da su. Ran 14 ga Yuli, kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi, sa'an nan ya shaida wa mutanensa cewa shi ya bar zama Bafaranshe, zai kafa daular kansa. Cikin kwana uku sojojinsu suka kashe su duka biyu, kaburburansu suna Maijirgi. Mai Turancin yau zai ce hubris ɗin Voulet ita ce mafarkin sarauta. Mutumin Atina zai ce ta fara tun a Ƙonni.

Abin da ya rage gare mu

Ba kalma ɗaya ta Hausa da ta ɗauke ta duka. In ana nufin halin zuciya, girmankai ne ko ji da kai. In ana nufin aikin, cin mutunci ne. In ana nufin ƙetare iyaka, wuce gona da iri ne, ko wuce makaɗi da rawa. Mai fassara da mai wa'azi sai su duba wurin su zaɓa.

Akwai hatsari biyu cikin amfani da ita. Na ɗaya, kalma ce mai daɗin faɗa bayan abu ya riga ya lalace. Wanda ya yi kasada ya ci, a ce jarumi ne, wanda ya yi irinta ya faɗi, a ce girmankai ne. Wanda kuwa ya tsaya a kan wanda ya faɗi yana murna, ya zama Konon. Na biyu, manya sukan juya zargin a kan na ƙasa. Yaro ya faɗi gaskiya a taron ikkilisiya, ko mace ta tambayi inda kuɗin baiko ya shiga, sai a ce girmankai ne yake damunsu. Tarihin kalmar bai goyi bayan wannan ba. Azariya da ya tsaya wa sarki ba shi ne kuturta ta kama ba.

Gwajin da tarihin nan ya bar mana mai sauƙi ne, fasto da dattijo da maigida da shugabar zumuntar mata duka suna iya yinsa. Wa ya isa ya ce mini a'a, yaushe kuma na ji ta na karɓa? Wa na kunyata a gaban mutane, na kuma ji daɗin yin haka? Tartuliyan na Kartaj ya rubuta wajen 197 cewa ko sarkin Roma, ran da yake hawan nasara, akan sa wani a bayansa yana tuna masa cewa shi mutum ne. Hirudus Agaribas bai sami mai tuna masa ba. Ya kashe Yakubu, ya kulle Bitrus, ya karɓi kirarin allahntaka a Kaisariya, ya mutu a shekara ta 44 (Ayyukan Manzanni 12).

A nan ne bangaskiyarmu ta rabu da ta Helenawa. Nemesis ba ta san tuba ba, aikinta ta rama ta wuce. Allah na Littafi Mai Tsarki kuwa yakan aiko da gargaɗi tukuna, yakan ba da lokaci, in kuma ya ƙasƙantar, yana iya tayarwa. Nebukadnezzar ya ɗaga ido sama, hankalinsa da mulkinsa suka komo. Bulus mai cin mutuncin tsarkaka ya sami jinƙai, ya zama wanda ake ci wa mutunci saboda sunan da ya tsananta. Dukan wannan ya yiwu ne domin Ubangiji, wanda shi kaɗai ne ba girman da ya fi ƙarfinsa, ya ɗauki tasa da tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, kashegari kuma ya karɓi wulakancin da ya riga ya faɗa. Wanda aka danƙa wa iko, ko a kan ƙasa, ko a kan ikkilisiya, ko a kan gida mai mutum biyar, bari ya nemi mai faɗa masa gaskiya ya ajiye kusa, ya kuma nemi gafarar wanda ya taka tun rana ba ta faɗi ba. Ubangiji ya ba mu tawali'u irin nasa. Amin.